Yadda zaka ziyarci maɓoyar nukiliya ta gwamnati, da abin da ya kamata ka duba idan ka shiga

Da farko dai ka cire wa ranka cewa duk ramukan nan da gwamnatoci suka haƙa saboda tsoron bam ɗin nukiliya har yanzu sirri ne. Da yawansu yanzu tikiti kawai zaka yanka ka shiga. Tunda yaƙin cacar baka ya ƙare, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, gwamnatoci suka ga hidimar ta yi musu yawa, ga wuta ga injina ga ma'aikata dare da rana duk a kan ginin da ba a taɓa buƙatarsa ba ko sau ɗaya, sai suka fara sakinsu ɗaya bayan ɗaya ana maida su gidajen tarihi. Abin da ke faruwa kuma shi ne mutum ya sha wahala ya je, ya tsaya gaban ƙatuwar ƙofar ƙarfe a ɗauke shi hoto, ya zaga ya ga tsofaffin tarho da gadaje, ya fito bai gane komai ba. Ƙofar nan ita ce abu mafi sauƙi a duk ginin. Aikin yana wajen iska, da ruwa, da bayan gida, da kuma takardar da aka rubuta sunayen waɗanda za a bari su shiga.

Waɗanda bazaka shiga ba, kar ma ka wahalar da kanka

Guda uku ne a Amurka da kowa ke ambata. Akwai Cheyenne Mountain a jihar Colorado, wanda aka huda cikin dutse, sama da mita 600 na dutse ne a kansa, ya fara aiki a tsakiyar shekarun 1960 a matsayin cibiyar rundunar NORAD mai sa ido kan sararin samaniyar Amurka da Kanada. Akwai Raven Rock a Pennsylvania wanda aka tanada domin ma'aikatar tsaro idan hedikwatarta ta Pentagon ta tashi daga aiki. Sai Mount Weather a Virginia, na hukumar agajin gaggawa ta FEMA, wanda yawancin Amurkawa ma basu san da shi ba sai ranar 1 ga Disamba 1974 da jirgin fasinja na TWA ya faɗi a kan dutsen, 'yan jarida suka zo suka tarar da shinge da masu gadi a wurin da ake zaton daji ne kawai. Duk ukun nan suna aiki har yanzu, ba wurin yawon buɗe ido ba ne, kuma zuwa bakin shingensu da kyamara neman rigima ne kawai. Haka na Corsham a Ingila da ake kira Burlington, wanda aka shirya wa mutum 4,000 a cikin tsohon ramin fasa dutse, an cire masa sirri a 2004 amma ba a buɗe shi ga jama'a ba.

Waɗanda ake shiga

In son samu ne ka fara da na Kanada, Diefenbunker, a ƙauyen Carp kusa da Ottawa. An gina shi daga 1959 zuwa 1961, hawa huɗu ne zuwa ƙasa, an shirya shi ya riƙe mutum 535 na kwana 30, an rufe shi a 1994. Dalilin da yasa na sa shi gaba shi ne kusan duk ginin ana zagawa, daga ɗakin firaminista har ɗakin ajiyar da aka yi don zinaren babban bankin ƙasar, to zaka ga tsarin gaba ɗaya ba yanki ba.

Na Greenbrier a West Virginia kuwa labarinsa ne ya fi daɗi. Otal ne na masu hannu da shuni, gwamnatin shugaban Amurka Eisenhower ta shirya da masu otal ɗin aka gina sabon ɓangare daga 1958, a ƙarƙashinsa aka binne maɓoyar da zata ɗauki 'yan majalisar dokokin Amurka gaba ɗaya da ma'aikatansu, mutum 1,100. Shekara talatin ana kula da wurin, masu kula da shi suna yawo a matsayin masu gyaran talabijin na otal ƙarƙashin wani kamfanin bogi mai suna Forsythe Associates, har sai da ɗan jarida Ted Gup ya tona asirin a jaridar Washington Post a 1992, daga nan wurin ya tashi daga aiki, don maɓoyar da kowa ya san inda take ai ta zama abin saiti.

A Jamus akwai na kwarin Ahr kusa da Bonn, tsohon babban birnin Jamus ta Yamma. An gina shi daga 1960 zuwa 1972 a cikin tsofaffin ramukan jirgin ƙasa, tsawon hanyoyinsa ya kai kilomita 17, na mutum 3,000 na kwana 30, ma'aikata da keke suke yawo a ciki. Sai dai ka sani an kwashe kusan komai an bar ramin fayau, mita 203 kacal aka bari aka buɗe a matsayin gidan tarihi a 2008. A Mosko akwai Bunker-42 a unguwar Taganka, zurfin mita 65, kana ciki kana jin wucewar jirgin ƙasa na ƙarƙashin birni. A Bosniya akwai na Tito, shugaban tsohuwar Yugoslabiya, a garin Konjic, wanda aka ɗau shekara 26 ana ginawa daga 1953 zuwa 1979, na mutum 350 na wata shida, mai shi kuma ya rasu a 1980. Tirana ta Albaniya na da Bunk'Art na tsohon shugabanta Enver Hoxha, Latbiya na da na Līgatne da aka ɓoye mita 9 ƙarƙashin gidan jinya, Ingila na da Kelvedon Hatch a Essex wanda ta cikin wani ɗan ƙaramin gida ake shiga, kuma abin dariya yanzu alluna ne a bakin titi suna nuna maka hanyar zuwa maɓoyar sirri.

Shiri kafin ka tafi

Ba wani abu mai yawa bane. Ka duba shafin wurin ka kama gurbi tun da wuri, yawancinsu sai da ɗan jagora ake shiga kuma rukuni-rukuni ne da lokaci, wasu ma ba kullum suke buɗewa ba. Ka tambayi yaren da za a yi bayani da shi. Ka ɗau rigar sanyi ko da a waje ana zafi, ƙarƙashin ƙasa ba ruwanta da damina ko rani, na Ahr kusan digiri 12 yake zama. Takalmi mai daɗin tafiya, don akwai matakala, na Mosko kam in gwiwarka na ciwo ka tambayi batun lifta tun kafin ka biya. A Greenbrier ba a shiga da waya ko kyamara ko kaɗan, ajiyewa zaka yi a waje. In kuma kana da matsalar tsoron wuri matsattse to ka faɗa wa ɗan jagora tun a ƙofa, kar ka bari sai an yi nisa.

Lissafi biyu da in baka san su ba kallon banza zaka yi

Bam ɗin nukiliya ba abu ɗaya yake yi ba. Akwai haske da zafi na daƙiƙun farko, akwai bugun iskar da ke biyo baya tana rushe gini, akwai wani bugun lantarki da ke ƙona na'urori, sannan akwai ƙurar da ke saukowa daga baya. Ita ƙurar nan ƙasa ce da ɓaraguzai da bam ya tsotsa sama idan ya tashi dab da ƙasa, su gauraya da burbushin nukiliya, iska ta kwashe su ta je ta zubar a wani wuri mai nisa. Duniya ta gane haɗarinta sosai ne ranar 1 ga Maris 1954, lokacin da Amurka ta gwada bam mai ƙarfin megatan 15, wato daidai da tan miliyan 15 na nakiya, a tsibirin Bikini, ƙurar ta sauka kan mutanen tsibiran Marshall da kan wasu masunta 'yan Japan da ke can nesa a cikin jirginsu, suka kamu da ciwo, ɗaya daga masuntan ya mutu. Ka lura yawancin ramukan da na lissafa a sama bayan wannan shekarar aka gina su ko aka kammala.

Lissafi na farko na lokaci ne. Tururin nukiliya da ƙurar ke fitarwa, wanda ido baya gani amma yake ratsa jiki ya yi illa, yana raguwa da sauri sosai a farko. Duk lokacin da awannin suka ninka sau 7, ƙarfinsa na raguwa sau 10. Wato in ka auna shi awa ɗaya bayan fashewa, bayan awa 7 ya koma kashi ɗaya cikin 10, bayan awa 49, kwana biyu kenan, ya koma ɗaya cikin 100, bayan sati biyu ɗaya cikin 1,000. Kaga daga inda aka samo kwana 14 da kwana 30 ɗin da zaka dinga ji a bakin 'yan jagora. Ba wanda ya shirya zama a rami har abada, jira ake yi ƙurar ta huce.

Na biyu na kauri ne. Kankare mai kaurin kusan santimita 6 yana rage tururin da rabi, ƙasa da aka daddaɓe kuwa sai kusan santimita 9. Ƙara wani kaurin irinsa ya sake rabawa biyu, haka haka, in ka jera goma ya koma kusan ɗaya cikin dubu. To kusan mita ɗaya na ƙasa a kanka ya gama yawancin aikin ƙura. Kenan duk wani zurfi da ya wuce haka, mita 65 ko mita 600, ba don ƙura aka yi shi ba, don bugun bam ɗin ne da kansa. Da wannan kaɗai zaka iya raba su gida biyu kana shiga: wanda aka yi don ya jure bam a kusa, da wanda aka kai shi nesa da birni ana fatan ba za a saita shi ba. Greenbrier na gida na biyu ne, kariyarsa ta gaskiya sirri ce ba kankare ba. Kuma in kana shakkar amfanin ƙasa a kan mutum, a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 wani ma'aikaci mai suna Eizo Nomura ya sauka ɗakin ƙasa neman takardu, mita 170 kacal daga tsakiyar inda bam ya tashi, ya rayu shekaru da dama bayan haka.

Fara daga bakin ƙofa, amma ka kalli hanyar ba ƙofar ba

Kowa ƙofa yake kallo, tan 25 a Greenbrier, tan 25 a Cheyenne, eh abin kallo ce. Amma kai ka duba inda aka sa ta. A Diefenbunker zaka bi wani dogon rami mai baki biyu a buɗe, ita kuma ƙofar shiga tana gefe, a jikin bango. Dabarar ita ce in bugun iska ya shigo ta baki ɗaya ya wuce fuuu ya fita ta ɗaya bakin, ya bar ƙofar a gefe, maimakon ya daki fuskarta kai tsaye. Haka aka yi a Cheyenne ma. Duk inda kaga hanya ta yi kwana ba gaira ba dalili to da dalili, bugun iska da tururi duk miƙewa suke so, kwana na karya musu ƙarfi. Ka duba kuma ta ina ƙofar ke buɗewa, yawanci waje take buɗewa saboda in an matsa ta daga waje sai ta ƙara mannewa da bangon. Sannan ka ƙirga, ƙofa biyu zaka gani da ɗan fili a tsakani, ba a buɗe su lokaci guda.

Bayan ƙofa sai wurin wanka. Wannan ɗan lungun mutane ke wucewa da sauri alhali shi ne iyakar waje da ciki. Wanda ya zo bayan ƙura ta fara sauka zai tuɓe komai a zuba a wani mazubi, ya bi ta shawa, a auna shi da na'ura, sannan a bashi wasu kaya. Hanya ɗaya ce, ba komawa baya. Cire kayan sama kaɗai yana raba mutum da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙurar da ke jikinsa, shi yasa har yau hukumomin agaji wannan ce shawararsu ta farko ga duk wanda abin ya rutsa da shi a waje.

Ɗakin iska, nan zaka daɗe

In ɗan jagora zai wuce da ku ɗakin injina da sauri ka roƙe shi ya ɗan tsaya, domin nan ne ran ginin. Mutum na iya kwanaki ba abinci amma ɗaruruwan mutane a rufaffen wuri cikin awanni iskar zata fara lalacewa, kuma tun kafin iskar shaƙa ta ƙare wadda suke fitarwa ce zata taru ta fara sa musu ciwon kai da jiri. Dole a jawo iska daga waje, wajen da ke cike da ƙura. To ka nemi abu huɗu.

Bawul ɗin bugu, wani murfi ne a bakin bututun iska da ke rufe kansa cikin ƙiftawar ido idan matsin waje ya tashi, in babu shi bugun zai biyo bututu ya shigo ciki, ƙofar tan 25 ta zama ado. Sai matatun, akwai mai kama ƙura, akwai kuma ta gawayi mai tsotse iskar guba, zaka gansu kamar manyan ganguna a jere. Abin da mutane ke ruɗewa a kai shi ne iskar da kanta ba ta zama guba don tururi ya ratsa ta, ƙurar da ke cikinta ce matsalar, in an tace ta shikenan. Na uku, matsin ciki. Ana tura iska cikin ginin fiye da wadda ke fita, yadda in akwai wata 'yar kafa ko tsaga to iska fita zata dinga yi ba shigowa ba, zaka ga ɗan agogon auna matsi a bango kusa da ƙofa. Na huɗu shi ne abin da za a yi in wuta ta ɗauke. A ƙananan maɓoyan Suwizalan injin iskar na da hannu da ake juyawa, mutane su dinga karɓa-karɓa.

Akwai kuma zafi, wanda ba kowa ke tunaninsa ba tunda ya shigo yana rawar sanyi. Jikin kowane mutum na fitar da zafi kamar ƙwan fitila mai wat 100, ka ninka da mutum 500, ka ƙara janareta da na'urorin sadarwa na wancan zamani masu zafi kamar murhu, kuma ba taga. Shi yasa zaka ga injinan sanyaya wuri sun ci fili kamar me.

Ruwa, wuta, da abin da ba a son faɗa

Tambayi daga ina ruwa ke zuwa, rijiya ce a ciki ko tanki. Mai rijiya ko maɓuɓɓuga a ciki ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, Cheyenne har tafkuna aka haƙa a cikin dutsen. Tambayi man dizal na kwana nawa aka ajiye, wannan adadin shi ne ainihin wa'adin ginin ko me aka rubuta a allo, don ranar da janareta ya tsaya fanka ta tsaya, famfo ya tsaya. Ka duba ƙarƙashin injinan, zaka ga an ɗora su kan sifirin ko roba, bututu kuma an haɗa su da gaɓoɓi masu lanƙwasa, saboda girgizar ƙasa da bam ke haddasawa tana iya tsinka bututu ko da bango bai tsage ba. A Cheyenne gine-gine 15 ne sukutum aka ɗora kan manyan sifirin sama da 1,000, basu taɓa jikin dutsen ba.

Bayan gida kuma, ƙasa kake, ƙazanta bata gangara da kanta sai an tura ta sama da famfo. Sannan in wani ya mutu fa? A Greenbrier akwai tanderun ƙona shara da aka yi shi yadda zai iya ƙona gawa. Irin tambayar nan ce ke nuna maka ko waɗanda suka zana ginin da gaske suke.

Ɗakin watsa labarai ma kar ka wuce shi. Diefenbunker na da situdiyon gidan rediyon Kanada na CBC, Greenbrier na da ɗaki da aka tanadi hoton ginin majalisa a bango don ɗan majalisa ya tsaya gabansa ya yi wa 'yan ƙasa jawabi kamar komai lafiya. Nan zaka gane manufar duka, ba ceton jama'a ba ce, ceton gwamnati ce, a samu wanda zai ce shi ne shugaba kuma a ji muryarsa.

Ƙirga gadaje, sannan ka tambayi na waye

Ni a wajena nan ne ziyarar ke canza launi. Gadaje ne na ƙarfe masu hawa, a wasu wuraren basu kai yawan mutanen ba, wani ya tashi wani ya kwanta. Manyan shugabanni ne kaɗai ke da ɗakuna nasu, kuma in ka leƙa na firaministan Kanada ko na shugaban gwamnatin Jamus zaka ga ɗan gado ne na mutum ɗaya. Na mutum ɗaya fa. A yawancinsu ba a shirya wa iyali wuri ba. John Diefenbaker, firaministan Kanada na lokacin da ake kiran Diefenbunker da sunansa, bai taɓa taka ƙafarsa ciki ba, kuma Tip O'Neill wanda ya yi kakakin majalisar wakilan Amurka ya faɗa da bakinsa cewa sha'awar abin ta fita daga ransa tun da aka gaya masa ba da matarsa zai tafi ba. To ka tambayi ɗan jagora, mutum nawa a cikin jerin sunayen ake ganin zasu zo da gaske su bar 'ya'yansu a gida, kuma cikin minti nawa, tunda Greenbrier tafiyar awanni ce a mota daga Washinton, makami mai linzami kuwa daga wata nahiya kusan rabin awa yake ɗauka. An zana su ne a zamanin da jirgin sama ke kawo bam ana samun gargaɗin awanni, kafin siminti ya gama bushewa zamani ya wuce su. A 1961 ɗin da aka gama Diefenbunker, ranar 30 ga Oktoba, Sobiyet ta gwada bam mai megatan 50. Shi kuma na Jamus, leƙen asirin Jamus ta Gabas ya san da shi tun ana ginawa, an yi gudun gara ne kawai.

In kana son ganin ɗaya salon

Akwai ƙasashen da suka ce ba shugabanni kaɗai ba, kowa da kowa, kuma ziyararka bata cika ba in baka ga irin nasu ba. Suwizalan ta kafa doka tun 1963 cewa kowane mazaunin ƙasar sai an tanadar masa gurbi, yau suna da wuraren ɓuya kusan 370,000, yawanci a ƙarƙashin gidajen mutane inda suke ajiye tarkace a lokacin zaman lafiya. Abin da aka ware wa mutum ɗaya murabba'in mita ɗaya ne, ka auna a ƙasa ka gani, tabarmar kirki ma ta fi shi. A birnin Lucerne akwai Sonnenberg, ramin babbar hanyar mota da aka shirya rufewa da ƙofofi masu tan 350 a zuba mutum 20,000 a ciki, an buɗe shi a 1976. Da aka yi atisaye a 1987 sai ga shi ƙofofin sun ƙi rufuwa yadda ya kamata, kafa gadaje ma ya gagara cikin lokaci, daga baya aka rage shi zuwa na mutum 2,000. Ana zagawa da baƙi ciki yanzu, kuma ni ina ganin ya fi duk sauran koyarwa, don shi an gwada shi an ga inda ya gaza, sauran kuwa a takarda kawai suka ci jarrabawa.

Finlan ta fi kowa wayo a nan. Tana da wuraren ɓuya kusan 50,500 da zasu ɗauki mutum miliyan 4.8, kuma maimakon a kulle su suna cin kuɗi sai aka maida su wuraren amfanin yau da kullum, filin wasa, wurin ajiye motoci, har wurin ninƙaya na Itäkeskus a Helsinki wanda aka sassaƙa cikin dutse. Sharaɗin shi ne a iya kwashe komai a maida wurin maɓoya cikin awa 72. Waɗannan basa buƙatar ɗan jagora, kuɗin shiga ninƙaya zaka biya kamar kowa, sai dai ka buɗe ido tun daga bakin hanya. Nemi alama mai kusurwa uku shuɗiya a kan launin ruwan lemo, ita ce alamar kare farar hula ta duniya, daga nan ka duba gefen mashigar zaka ga ƙofofin ƙarfe biyu a buɗe an jingine su da bango, mutane na wucewa ta tsakaninsu da jakunkunan wanka.